Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne

Idan ka je dubiya asibiti ka tambayi mai jinya ko Baba ya ci wani abu, amsar ba ta wuce biyu: "ya ɗan taɓa," ko kuma "ai an sa masa ruwa." Ta farko babu wanda ya san iyakarta, don taɓawa na iya zama rabin kwano, tana iya zama cokali biyu. Ta biyu kuwa kuskure ne da ya zauna daram a zukatan mutane, har wasu na ganin duk wanda aka rataya wa leda an gama da zancen cikinsa.

Bari mu yi lissafi. Ledar ruwan gishiri da aka fi sakawa babu abinci a cikinta ko kaɗan, aikinta kawai ta mayar wa jiki ruwan da ya rasa. Mai sukarin, wadda ake rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikinta, in ta rabin lita ce to sukarin da ke ciki giram 25 ne, ƙarfinsa bai wuce kalori 100 ba. Babban mutum mai nauyin kilo 60, yana kwance ko juyi ba ya yi, yana bukatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a kullum. Ko leda huɗu aka ɗura masa a yini bai samu kashi ɗaya cikin uku na bukatarsa ba, kuma babu ɗigon furotin a ciki, sinadarin da ke gina tsoka ya haɗe miki. Sauran fa? Jiki zai ɗebo shi daga naman kansa, kamar manomin da rumbunsa ya ƙare ya koma cin irin shuka.

Ciwo kuma ƙara wa jiki bukata yake yi a daidai lokacin da ya kashe sha'awar ci. Zazzaɓi, ƙuna, karaya, tiyata, tarin fuka, duk suna cin tsoka. Kwanciyar kanta ma tana ci. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, ana ba su abinci yadda ya kamata, amma sai da suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. To ina ga wanda ke fama da ciwo kuma ba ya ci? Tsokar da ke zubewa ba ta hannu da ƙafa ba ce kaɗai, har da wadda ake numfashi da tari da ita. Wanda ya kasa tari da ƙarfi majina za ta taru masa a ƙirji ta zama ciwon huhu. Ɗinkin tiyata ya ƙi kamewa, bayan mutum ya fara gyambo saboda kwanciya, kwanan asibiti ya ƙaru, kuɗin magani ya ninka. Sai a ce ciwo ya ci ƙarfinsa, alhali yunwa ce ta taya ciwon.

Kada a ɗauka wannan matsalar matalauta ce kawai. A 1974 wani likita Ba'amurke, Charles Butterworth, ya rubuta maƙalar da ta girgiza likitocin ƙasarsu, inda ya nuna ana ramewa a gadajen manyan asibitoci saboda abubuwan da ba su taka kara sun karya ba: ba a auna nauyin mutum, ana hana shi ci don gwaje-gwaje, ana barin sa kwana da kwanaki a kan ruwan leda, kuma babu takamaiman wanda alhakin cikinsa ke wuyansa. Tun daga nan bincike a ƙasashe daban-daban ke nuna cewa kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda ake kwantarwa suna zuwa ne da ƙarancin abinci a jikinsu, da yawa kuma su ƙara lalacewa kafin sallama. A 2019 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji daga asibitoci 8 na ƙasar Suwizalan, da marasa lafiya sama da 2,000. Rabi an ba su abincin asibiti yadda aka saba, rabi kuma an sa masanin abinci ya lissafa wa kowa bukatarsa ya bi diddigin abin da ya ci. Cikin kwana 30, kashi 10 cikin ɗari na rukunin farko sun rasu, na biyu kuwa kashi 7. Babu sabon magani, babu sabuwar na'ura. Lissafi ne da sa ido.

Mu dawo gida. Daura ta samu ci gaba a harkar asibiti a 'yan shekarun nan: an buɗe asibitin sojojin sama a watan Agustan 2019, babban asibitin garin kuma ya koma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Marasa lafiya na zuwa daga Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, wasu ma ta Kongolam suke shigowa daga ƙauyukan Damagaram. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen girki da masana abinci. Amma a mafi yawan asibitocin ƙasar Hausa, musamman ƙanana, madafar asibiti ita ce madafar gidan mara lafiya. Ɗan cikin gari za a aiko masa da kula sau uku a rana a kan babur. Baƙauye kuwa sai dai mai jinyarsa ta ƙulla garin kunu a leda ta nemi ruwan zafi wurin mai shayi, ko ta sayi abin da kuɗinta ya kai a bakin ƙofa.

Kuɗin kuma a jere ake kashe su: kati, gwaji, magani, jini in an nema, kuɗin mota. Abinci ne na ƙarshe. Kwana uku na farko 'yan dubiya za su cika gefen gado da lemu da ayaba da lemon kwalba da burodi, daga nan ƙafa ta ɗauke, ledoji su ƙare, jinya kuwa yanzu ta fara. Ga shi mai jinyar kanta sau da yawa da yunwarta ta zo. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a jihar Katsina tun 2021, ta sanar a watan Yulin 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata 6 na farkon shekarar saboda tamowa. A sanarwar akwai wani adadi da bai ja hankali sosai ba: da aka auna iyaye mata 750 da suka kawo 'ya'yansu, fiye da rabinsu su ma suna fama da ƙarancin abinci. Macen da ke cikin wannan hali ita ake sa ran ta kwana a tabarma tana juya babban mutum, tana wanki, tana ɗebo ruwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ko da ta Kusugu ce.

Duk da haka ni ba na cikin masu raina abincin gida. A asibitocin Turai da ke dafa wa kowa, bincike ya nuna wajen kashi 30 cikin ɗari na abin da ake zubawa a faranti yana komawa bola, don ko bai yi wa mai shi daɗi ba, ko an ajiye masa a inda hannunsa ba ya kai. Har sai da asibitocin Ingila suka ƙirƙiro jan tire don a gane wanda ke bukatar a ba shi a baki, suka kuma hana zagayen likitoci a lokacin cin abinci. Mu kuwa kusan kowane gado akwai 'ya ko mata ko ƙanwa a gefensa, wadda ta san Baba ba ya son yaji, ta san yadda za ta lallaɓa shi ya ƙara loma. Wannan dukiya ce da kuɗi ba sa saya. Inda gizo ke saƙa shi ne, wanda ya san ciwon ba ya magana da wadda ke girkin. Likita ya rubuta allura da ƙwaya a fayil, nas ta rubuta zafin jiki da bugun jini, amma abin da ya shiga cikin mutum babu shafinsa.

Abin mamaki, ba sai mun je Suwizalan koyo ba. A ɗakin yara masu tamowa an daɗe da iya wannan aiki. Yaro na shigowa za a ɗora shi a sikeli, a zagaya damtsensa da tsinken awo; in ya gaza santimita 11 da rabi, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, an san tamowar ta yi tsanani. A fara masa da madarar F-75, mai kalori 75 a kowane mililita 100, ana ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 ko 3, har cikin dare. Kowane kofi ana rubuta nawa aka ba shi, nawa ya rage, ko ya yi amai. In ya farfaɗo a koma F-100 ko kuma haɗin gyaɗar nan na cikin leda mai kalori 500, wanda ya yi suna tun yunwar 2005 a Maraɗi, lokacin da aka yi wa dubban yara magani da shi a gidajen iyayensu. Kullum da safe a sake awo. A wannan ɗaki abinci magani ne mai ma'auni da lokaci da mai sa hannu. Taku kaɗan daga nan, a ɗakin maza ko na mata, dattijo zai yi mako biyu ba a san nauyinsa ba.

Abin da ake bukata a ɗauko daga can ba mai tsada ba ne. Sikeli guda a kowane ɗaki, a auna mutum ranar da aka ba shi gado, a maimaita duk mako. Wanda ba ya iya tsayuwa a auna damtsensa. Babba in ya gaza santimita 23 da rabi, alama ce ta rama. A tambayi iyali: ya rame a watannin nan? Ba kowa ya san kilonsa ba, amma kowa ya san in wando ya fara zamewa ko zobe ya yi yawa. Wanda ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata 3 zuwa 6 ba da niyya ba, a sa masa ido. In ya kai kashi 10, abin ya zama babba. Sannan takarda a gindin gado: safe, rana, dare, ya cinye, ya ci rabi, ko bai ci ba. Ko mai jinyar ba ta yi boko ba, za ta iya zana kwano ta ja layi. In an kwana uku mutum bai kai rabi ba, a gaya wa likita kai tsaye: "Likita, yau kwana uku Inna ba ta cin rabin abin da aka zuba mata." Wannan magana ta fi "ta ɗan taɓa" amfani nesa ba kusa ba.

Sai abin da za a zuba a kwanon. Al'adarmu ita ce a dama wa mara lafiya koko tsararo, don shi ne mai sauƙin haɗiya. Amma kokon da ya tsinke yawancinsa ruwa ne, ya cika ciki bai ba da komai ba. Wanda cikinsa ba ya karɓar da yawa, dole ɗan abin da zai karɓa ya zama mai nauyi. Cokalin cin abinci guda na man gyaɗa yana da kalori wajen 120, wato ya fi waccan ledar ruwan sukari. A zuba shi a kunu ko fate. A yi kunun gyaɗa maimakon farin koko, a ƙara madara. A haɗa garin gero da na waken suya da gyaɗa, duk an soya sama-sama kafin niƙa, a riƙa damawa da kauri. Mutumin nan mai kilo 60 yana bukatar furotin giram 60 zuwa 90 a rana in yana jinya. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Gyaɗa da wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu furotin ne, waken suya ya fi haka. Alala, ƙosai, awara, ɗanwake da ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, farfesun kifi ko hanta in da hali, fura da nonon da aka tafasa madararsa kafin ya yi tsami: duk abubuwan da ake samu ne a kasuwar Daura ko ta Mai'adua, kuma kuɗin katan ɗin lemon kwalba da ɗan dubiya zai riƙo ya isa ya sayi ƙwai masu yawa. A raba cin sau 5 ko 6 maimakon a tara sau uku. A wanke wa mutum baki kafin a ba shi, don bakin da ya bushe ya yi ɗaci ba ya son komai. A tayar da shi zaune. Kada a cika masa ciki da ruwa gab da ci.

Akwai hane-hanen da muka gada waɗanda ke cutar da mu a nan. An ce mai miki kada ya ci gyaɗa ko ƙwai wai ciwon zai yi ruwa, alhali da su ne naman zai tsiro. Ƙwayoyin cuta ke kawo mugunya, ba ƙwai ba. An ce mai shawara ya bar duk wani maiƙo da nama har ya zama ƙashi da rai. Yaro mai gudawa ko ƙyanda a janye masa abinci wai hanji ya huta, bayan kuwa ci gaba da nono da abinci shi ke dawo da shi. Mai ciwon suga kuma a tsare shi a kan wake da acca kaɗai har ya tsani kwano. Ciwon suga ba ya hana tuwo, ƙayyade shi yake yi. Haɗarin gaggawa ma yana ga wanda aka yi wa allurar insulin sannan abincin bai iso ba saboda babur ya makara. Sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Mai jinyar irin wannan ta tambayi nas ƙarfe nawa ake allurar, ta tabbatar abinci na hannu kafin lokacin.

A wasu cututtukan kuwa hanin gaskiya ne, kuma na likita ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya da ya kumbura, gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa abokan gabarsa ne. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Mai ciwon ƙoda ka'idarsa daban ce, ana iya rage masa furotin da ayaba da lemu, har ruwan sha a auna masa, don haka shawarar da na bayar a sama ba tasa ba ce sai da izinin likitansa.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye shi ne ya fi bukatar hattara. Sau da yawa maƙogwaronsa ma ya taɓu. In ana ba shi yana ƙwarewa, ko muryarsa ta koma kamar da ruwa a ciki, a dakata a kira nas, don abincin huhu yake tafiya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa kada a ɗura masa komai, ko kunu ne, ko rubutu, ko zamzam. A jiƙa masa leɓe ya wadatar. A nan ne ake kawo zancen robar hanci, kuma a nan ne iyalai ke tirjewa, don an ɗauka duk wanda aka sa wa ita ya kama hanya. Dalilin wannan zato shi ne ba a yarda a sa ta sai mutum ya gama galabaita. Da an sa da wuri, siririyar hanya ce kawai da ke kai kunu da madara ciki har maƙogwaro ya warware a zare ta. Haka kuma wanda ya yi kwanaki da yawa bai ci ba, ba a cika masa ciki rana ɗaya. Sinadaran jininsa na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. A hankali ake hawa, ƙarƙashin kulawar likita, kamar dai yadda ake fara wa yara da F-75.

Zancen tiyata gajere ne. Ka'idar da likitocin sa barci ke bi a duniya ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, sai in akwai dalili na musamman. In an ce kada a ci tun dare sannan aka ɗaga aikin zuwa gobe, mai jinya ta tambaya nan take ko za a iya ba shi abinci, kada ya kwana biyu da yunwa a banza. Bayan aiki ma a tambaya yaushe za a fara, don a yawancin tiyata, har da ta haihuwa, fara ci da wuri ya fi jinkiri. Azumi kuwa shari'a ta riga ta sauwaƙe wa mara lafiya ya rama daga baya. Dattijon da ya nace, a kira masa malamin da yake jin maganarsa.

Zafin Daura a watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba sai in yana cikin kular da ke riƙe zafi sosai. Shinkafar da aka kawo da azahar aka tura ƙarƙashin gado kusa da fo, ba ta mara lafiya ba ce da isha'i. Gudawa ɗaya ta isa ta rushe abin da aka yi mako ana ginawa.

Saura waɗanda ba su da kowa: almajirin da aka kawo daga tsangaya, direban da ya yi haɗari a hanya, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani, baƙon da ya tsallako iyaka kuɗinsa suka ƙare. Yanzu maƙwabtan gado ne da 'yan agaji ke rufa musu asiri, Allah Ya saka musu, amma sa'a ba tsari ba ce. Musulmi sun san mafitar tun da daɗewa. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi, kuma abincin marasa lafiya na cikin abin da waƙafin ke biya. Jihar Katsina na da hukumar zakka da waƙafi, masarautar Daura na da hakimai da dagatai da suka san wanda ya noma buhu ɗari. A watan azumi attajirai na kai abinci asibitoci, abin a yaba, sai dai cunkoson marasa lafiya ya fi yawa daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarewar hatsi a rumbu. Buhunan gero da wake da gyaɗa da za a ware da kaka, da mai girki biyu, da nas guda da za ta riƙa miƙa sunayen gadajen da ba a kawo wa komai, sun isa a fara. Sharaɗin kawai a liƙa lissafin a bango kowa ya gani, don mun san abin da ke samun kwangilar abinci in ta shiga duhu.

Ranar sallama ma kada a fita da ledar magani kaɗai. Tsokar da ta zube cikin mako biyu tana ɗaukar watanni kafin ta dawo, kuma a gida ne za a yi wannan aiki, inda babu nas. Kafin a naɗe tabarma, mai jinya ta nemi a rubuta nauyin mara lafiya a katinsa, ta tambayi abin da zai ci da abin da zai bari da kuma har zuwa yaushe, don hanin da aka yi na mako guda kan zama na shekara in ba a faɗi ranar ƙarewarsa ba. Bayan mako biyu a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a sake ɗora shi a sikeli. In nauyin ya ƙara sauka, a koma wurin likita ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba.